Lallen Mijinyawa da Kunnen Baba Andrawus

In ka shiga Fadaman Mada kana neman shagon Mijinyawa mai koyar da kwamfuta, ba wanda zai ɓata yawunsa wajen yi maka kwatance. Cewa za a yi ka miƙe kawai, duk inda idonka ya fara ruwa, to ka iso. Ƙofar shagon ruwan ɗorawa ce, tagogin algashi, bangon ruwan hoda, har bencin da ake jira a kai bai tsira ba. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, ba ya riƙo, ba ya cin amana. Ciwonsa ɗaya ne a duniya: ba ya iya ganin abu fari fat ya ƙyale shi. Wannan ciwon ne ya kusa raba wani dattijo makaho, Baba Andrawus, da aikin da ya shekara ashirin da shida yana yi, kuma har yau in aka tuna wa Mijinyawa maganar sai ya sunkuyar da kai.

Gado ya yi. Mahaifinsa, Ɗanlarai mai fenti na Ƙofar Wambai, shi ke zana bayan manyan motocin da ke kai kaya kudu: zaki, bishiyar dabino, jirgin saman da bai taɓa shiga ba. Sai dai tsohon yakan yini biyu yana kankare tsatsa kafin ya buɗe gwangwanin fenti, ɗan kuwa idon ya ɗauko, ya baro haƙurin a gida. A firamare da biro huɗu yake zuwa makaranta. Akwai jarrabawar da ya faɗi don lokaci ya ƙare yana ƙawata sunansa a saman takarda, malamin ya ba shi sifiri, ya rubuta a ƙasa cewa sunan dai ya yi kyau. Bayan ya yi aure, matarsa Maimuna ta je wankan jego gidansu, ta dawo ta tarar firijinta ya koma shuɗi. Tun daga ranar in ta sayi wani abu fari, gidan yayarta take kai shi ajiya.

Kwamfuta ya karanta a babbar makaranta, kuma ya iya, ba za a hana shi wannan ba. Da ya gama ya buɗe shagonsa, wajen shekarar 2012 kuma ya buɗe shafi a intanet inda yake koyar da kod da Hausa, wato jerin umarnin da mutum ke rubuta wa kwamfuta ta bi. Darasi goma sha biyu ya shirya, bayani tsaf, misalai daga kasuwa da tasha. A wannan sana'a, in za a nuna kod a shafi akan bambanta kalmominsa da kala, umarni daban, lamba daban, don ido ya gane su da wuri. Akwai manhajoji na kyauta masu yin wannan aiki da kala huɗu ko biyar marasa hayaniya. Mijinyawa ya dube su ya ce wannan ai zaman makoki ne. Ya zauna wata uku ya ƙera tasa manhajar, ya raɗa mata suna Lalle. Kala goma sha huɗu take shafawa, har da ruwan goro da makuba, waƙafi ma yana da tasa.

To amma kowane shafin intanet fuska biyu gare shi. Akwai wadda ido ke gani, akwai kuma rubutun da ke bayanta, cike da alamomin da ke gaya wa na'ura ko mene ne kowane abu: wannan kanun magana ne, wannan tebur ne, wannan mahaɗi ne da ake latsawa a tafi wani shafin. Masana na duniya sun shimfiɗa ƙa'ida a kan haka: kowace alama da aikinta, kuma wadda ka buɗe sai ka rufe ta. Mijinyawa ya san da ƙa'idar, kallon shawara kawai yake yi mata. Ya lura cewa kanu yana fitowa da kauri, sai ya sa Lalle ta riƙa kiran duk kalmar da yake so ta yi kauri kanu. Mahaɗi yana fitowa shuɗi, sai duk shuɗiyar kalma ta zama mahaɗin da ba ya kai mutum ko'ina. Don layuka su daidaita, kowace kalma ya gina mata ɗaki a cikin tebur. Rufe alama kuwa sai in ya tuna. Burauzar da ke nuna shafi tana da haƙuri irin na uwa, takan lallaɓa ta fito da abin da ta ga kamar shi ake nufi. Saboda haka a ido shafin ya yi kyau, har daga Gombe ana yi masa waya ana yabawa.

Mutum ɗaya ce ta taɓa leƙa bayan. Yagana, ɗalibarsa mafi kaifin kai, ta ɗauki shafukan ta zuba a na'urar tantancewa da masu ƙa'idar suka ajiye kyauta a intanet, jan rubutu ya zubo har ta gaji da gungurawa. Laifinta ɗaya, a gaban aji ta faɗa.

"Malam, kuskure dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu aka samu."

"Yagana," in ji shi, "gani ya kori ji. Dubi shafin nan. Ya yi kyau ko bai yi ba?"

"Ya yi kyau, Malam."

"To alƙalan nan naki su hau mota su zo Bauchi su kama ni."

Aji ya fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta gama karatunta, ta yi aure a Tirwun, ta ci gaba da gina wa kamfanoni shafuka daga ɗakinta. Shekara biyu in suka haɗu a hanya, gaisuwar leɓe kawai yake yi mata.

Wata Asabar wani mai Adaidaita Sahu ya sauke wani dogon dattijo a ƙofar shagon, rigarsa ta sha guga, sanda a hannu, jakar kwamfuta a kafaɗa. Andrawus ke nan, mutumin wajen Bogoro, wanda ƙyanda ta tafi da idonsa yana ɗan shekara tara. Shi ne mai haɗa waya a wata hukuma ta jiha, lambobi sama da ɗari uku suna kansa, muryar kowane darakta ya santa tun kafin ya faɗi sunansa. Yanzu kowa da salularsa a aljihu, hukumar ta ce nan da mako goma za ta rufe ɗakin wayar. Wanda ya ci wata jarrabawa ta ƙaramin kod za a mayar da shi sashen kwamfuta, wanda bai ci ba ya yi ritaya, ya kuma bar gidan ma'aikata da yake ciki. Cocinsu ta ba shi kwamfuta mai muryar mace da ke karanta masa abin da ke kan allo. Madam yake kiranta. Wasiƙu da Littafi Mai Tsarki take karanta masa, bai taɓa shiga shafin intanet da ita ba.

"Malam, sun ce kai ne kana koyar da abin nan da Hausa," in ji shi. "Shekara shida ya rage mini. Ba na son in koma ƙauye in zauna a gindin mangwaro, ana cewa ga shi can sun gama da shi."

Tausayi ya kama Mijinyawa, da ma ba ya da wuyar kamuwa. Ya bugi ƙirji ya ce mako shida ma ya ishe su. Aka shirya Baba zai riƙa sauraron darussan daga shafin a ofis, tunda wayar ba ta ƙara sai sau biyu a yini, ranar Asabar kuma ya zo aji.

Dattijon ya ce shi tsarinsa sai ya haddace abu kafin ya taɓa shi da hannu, haka ya koyi lambobin waya. Asabar ta farko ya ce darasin yana da tsawo. Ta biyu ya ce Turawan nan suna da yawan maimaici. Mijinyawa yana ta ba shi baki, a ransa yana cewa tsufa ba ƙarya ba ne. A ta huɗu Baba ya iso fuskarsa a sake, ya ce ya haddace darasi biyar, a ba shi dama ya biya na farko.

Darasin farko layi uku ne, aikinsa ya sa kwamfuta ta rubuta "Sannu Bauchi". Baba Andrawus ya miƙe, ya jingina sandarsa, ya gyara murya. Da Turanci ya biya kamar yadda Madam ke faɗa, amma ga abin da yake cewa:

"Tebur mai layi uku da ginshiƙi tara. Layi na ɗaya, ginshiƙi na ɗaya. Ɗaya. Ginshiƙi na biyu. Kanu mataki na uku. Mahaɗi. Buga. Ginshiƙi na uku. Tebur a cikin tebur, mai layi ɗaya. Buɗe baka. An fita daga tebur. Mahaɗi, babu suna."

Minti bakwai yana yi, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ɗalibai suka fara ƙunshe dariya, wani ya kasa, sai duk ajin ya ɗauka. Mijinyawa kuwa tun a kalma ta uku ya gane kayansa. Madam ba ta ganin kauri, ba ta ganin shuɗi. Abin da aka rubuta a baya shi take faɗa, an ce mata kanu ta ce kanu, an ce tebur ta ce tebur. Dattijon ya ɗauka duk cikin kod ɗin ne, ya kwashe su tas ya zuba a kansa, darasi biyar cur.

Baba ya tsaya, ya juya kunne wajen dariyar. "Malam, na yi kuskure ne?"

Nan ne wurin da Mijinyawa ya faɗi. Ɗalibai goma sha biyar na kallonsa, sunansa na rubuce da kala shida a saman allo. Ya buɗe baki ya ce, "Ka ɗan haɗa da wasu abubuwa ne, Baba. A hankali za ka saba."

"Kaina ne, Malam," in ji dattijon, yana laluben sandarsa. "Ya tsufa. Na ɗauka yana nan kamar da."

Mijinyawa ya ji wannan da kunnensa, ya yi shiru. Ban san wani abu da ya yi a rayuwarsa da ya kai wannan shirun muni ba, shi ma ya san haka. Ya je gida ya zauna gaban tuwo yana juya cokali a miya. Da Maimuna ta matsa ya ba ta labari, ba ta yi masa ta'aziyya ba. Cewa ta yi firiji dai ta yafe, amma kan dattijo ba abin shafa wa fenti ba ne.

Washegari ya kama gyara a ɓoye, kuskure ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ya kwana bakwai a haka, in wuta ta ɗauke ya tayar da janareta. Sai dai duk sanda ya ajiye shafi, Lalle sai ta sake bi ta kansa ta mayar da kayanta yadda suke, wani lokaci har da ƙari. Ranar Asabar Baba bai zo aji ba. A rana ta takwas Mijinyawa ya sayi lemo cikin leda, ya hau babur ya nufi Tirwun, yana gaya wa kansa a hanya cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Yagana ta shimfiɗa masa darduma a zaure. Ya gaishe ta, ya tambayi maigidan, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan unguwar, ya yaba gyaɗar da ke gonar maƙwabta. Da ya fara komawa kan maigidan karo na biyu sai ta katse shi.

"Malam, nawa suka kai yanzu?"

"Su wa?"

"Kurakuran."

Ya dubi ledar lemon. "Sun ɗan ƙaru."

Ba ta yi dariya ba, kuma ya fi son a ce ta yi. Ya ba ta labarin Baba Andrawus, bai rage ko shirun da ya yi ba. Ta ɗauko kwamfutarta ta ce ya bar shafukan haka nan, ruwan daga rijiya ya gurɓata, Lalle za a gyara. A sa alama ɗaya mai cewa nan kod ya fara, a rufe ta inda ya ƙare. Kowace kalma a naɗe ta da alamar da ba ta da'awar komai, ba kanu, ba mahaɗi, ba tebur. Lambobin layi a fitar da su daga cikin rubutun. Umarnin kala kuma a kwashe shi a kai wani fayil daban, inda ido zai amfana, kunne bai ma san da shi ba.

Mijinyawa ya yi tambayar da ke cinsa tun daga Fadaman Mada. "To kalolin nawa za a bar mini? Ko uku ne, Yagana. A bar mini ruwan goro."

"Malam, ina ruwan ƙa'ida da kalarka? Ko ɗari kake so ka sa. Cewa kawai aka yi kada ka yi wa na'ura ƙarya."

Sai a lokacin ya gane. Shekara biyu yana gaba da ɗalibarsa da wasu masana da bai taɓa gani ba, yana kare kalolin da ba wanda ya ce zai taɓa. Kwana tara suka yi suna aikin, shi yana rubutawa, ita tana dubawa ta waya, tana dawo masa da shi in ya bar alama a buɗe. A rana ta tara na'urar tantancewa ta nuna kore, babu kuskure ko ɗaya, kalolinsa goma sha huɗu kuma suna nan daram. Ya ce koren nasu dai bai nuna ba, amma ya karɓa.

Bai jira Asabar ba. Da hantsi ya tafi hukumar, masinja ya nuna masa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Baba Andrawus na zaune gaban allon haɗa waya, hannayensa a kan cinya, jakar kwamfutar a rufe a gefe. Tun kafin baƙon ya gama sallama ya ce, "Malam Mijinyawa." Ya ce kada Malam ya wahalar da kansa, ya riga ya sa an buga masa takardar ritaya, matarsa Cecilia ma ta fara aika tukwane ƙauye.

"Baba, alfarma ɗaya nake nema. Ka kunna Madam, ka buɗe darasi na ɗaya."

Dattijon ya yi don kunya. Ya cire abin kunne, muryar ta fito fili. Ta karanta layi na ɗaya, na biyu, na uku, ta yi shiru. Duka bai kai daƙiƙa goma ba.

"Ya tsaya," in ji Baba. "Ko wuta ne?"

"Ba ta tsaya ba. Ta gama."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan darasin, Baba. Tun farko iyakarsa ke nan. Teburan nan da kanun da mahaɗan, ni na cusa su don shafin ya yi kyau a ido. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba ranar nan. Abin da na ba ka shi ka biya, kuma ko ni da na rubuta shi ba zan iya biya shi ba. Na sani tun a ajin, na yi shiru. Ka yafe mini."

Dattijon ya sake kunna darasin, ya saurara, ya sake kunnawa. Sannan ya ɗora hannu a kansa ya shafa a hankali.

"Ashe yana nan," in ji shi. Can ya juyo. "Malam, fentin da ka sa ni na ɗauka sati huɗu, wannan na yafe, aiki ne ya ɓaci. Amma yaran nan sun yi mini dariya kana tsaye. A wurin da aka yi shi, a wurin za ka gyara."

Ranar Asabar Mijinyawa ya tsaya gaban ajinsa ya faɗi komai, ya kuma kunna musu tsohon shafin su ji da kunnensu. Aka yi dariya har da riƙe ciki, wannan karon shi ake yi wa, ya tsaya ya shanye. Mako uku ya rage. Mutumin da ya iya ɗaukar darasi biyar da duk tarkacensu, da aka sauke masa tarkacen sai ya riƙa cinye darasi a kwana biyu. Wahalar da aka sha ita ce ta mantar da shi na da, don lokaci-lokaci yana cikin rubutu sai a ji ya ce "an fita daga tebur", ya yi tsaki, ya goge.

Yau shekaru sun ja. Mijinyawa ya yi furfura, shagon ya sha sabon fenti sau uku, ba sau ɗaya da ya yi sauƙi. Duk ɗalibin da ya gina shafi a wurinsa, sai an kashe allo an saurare shi da kunne kafin a duba shi da ido. Amma in ka tambaye shi ranar da ya fi tunawa a sana'arsa, ranar da sakamako ya fito zai ba ka.

Tun ƙarfe tara yake tsaye a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofar hukumar, ya sayi ruwan leda uku bai sha ko ɗaya ba. Wajen azahar Baba Andrawus ya fito, sanda a dama, farar ambulan a hagu, ba a buɗe ba. Ya ce sakatare ya so ya karanta masa a ciki, ya ƙi. Ya miƙo ta daidai inda ya ji numfashin Mijinyawa.

"Kai za ka karanta mini, Malam. A hankali. Kuma don Allah kada ka ƙara komai a ciki."

Mijinyawa ya yage bakin ambulan. Layi huɗu ne, baƙin rubutu a farar takarda. Ya karanta cewa Andrawus Toma ya ci jarrabawa, an mayar da shi sashen kwamfuta daga ranar Litinin, zai ci gaba da zama a gidansa. A layi na uku sai da ya tsaya ya share ido da hannun riga kafin ya ƙarasa.

Dattijon ya karɓi takardar, ya ninke ta biyu, ya sa a aljihun gaba ya dafe da tafinsa.

"Ara mini wayarka," in ji shi. "Bari in gaya wa Cecilia ta aika a dawo da tukwanen."